Yadda Ake Karanta Tarihi da Alƙaluman Hanyar Tseren Motoci ta Jidda

Tun daga watan Disamba na 2021, lokacin da aka fara tseren Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, a bakin tekun Jidda, hirar motocin tsere ta samu wurin zama a majalisun matasanmu na Karantina da Sabil da Gulail, kusa da hirar ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ittihad da Ahli. Musun da ya fi yawan tasowa shi ne na wanda ya fi kowa gudu a wannan hanya. Wani zai ce Lewis Hamilton ne, ya nuna lamba a wayarsa, wani kuma ya ce Max Verstappen ne, shi ma ya nuna tasa lambar, alhali kuwa dukansu biyun gaskiya suka faɗa, sai dai kowannensu yana magana a kan abu dabam. Lambar da aka rubuta a littafin tarihin tsere ba ta da amfani ga mutum sai ya san a wane zama aka kafa ta, da wace irin mota, a kan wane fasali na hanya, kuma a ƙarƙashin wace doka. Abin da wannan bayani zai koya wa mai karatu ke nan, a kan tsere biyar na manyan motoci da aka yi daga 2021 zuwa 2025.

Kafin ka taɓa kowace lamba, ka fara sanin hanyar kanta, domin siffarta ce ke haifar da yawancin abin da za ka karanta daga baya. Hanyar tana arewacin Kurnish, wato titin bakin tekun Jidda, a wani siririn fili da ke tsakanin Bahar Maliya da gine-ginen gari, kuma Carsten Tilke, ɗan fitaccen mai zana hanyoyin tsere Hermann Tilke, shi ne ya jagoranci zana ta, aka kuma gina ta cikin ƙasa da shekara guda. Tsawonta kilomita 6.174 ne, da kwane-kwane guda 27, wanda babu wata hanya a jadawalin gasar da ta kai ta yawansu. A tsawo, Spa ta ƙasar Beljiyam ce kaɗai ta fi ta sa'ad da aka buɗe ta, sai a 2023 hanyar Las Vegas ta Amurka ta shigo ta ɗara ta da 'yan mitoci. Motoci suna tashi daga kudu su nausa arewa, su juya a kwana ta 13, wadda aka gina ta a karkace da digiri 12 domin mota ta iya shan ta da gudu, sannan su gangaro kudu har kwana ta 27, wadda ita ce ta ƙarshe kafin miƙaƙƙen titin da ake tashi a kai. Idan ka samu taswirar hanyar, ka sa alama a wurare huɗu: kwana ta 1 da ta 2 da ke haɗe, kwana ta 13, kwana ta 22, da kwana ta 27. Kusan duk wani babban al'amari da ya faru a tarihin wannan hanya a ɗaya daga cikinsu ya faru.

Yawan kwane-kwanen bai kamata ya ruɗe ka ba, domin mafi yawansu lanƙwasa ce mai sauƙi wadda direba ke wucewa ba tare da ya ɗaga ƙafa daga totur ba, ga kuma bango dama da hagu wanda ke hana shi ganin abin da ke bayan lanƙwasar. Wannan ne ya sa ake kiranta hanyar cikin gari mafi gudu a gasar, kuma shi ne ya sa haɗari ba ya yankewa a cikinta.

Daga nan sai ka koyi karanta lokaci. Idan ka ga an rubuta 1:30.734, ana nufin minti 1 da daƙiƙa 30 da ɗigo 734, wato kashi 734 cikin 1000 na daƙiƙa guda. Lambobi ukun ƙarshen nan ba ado ba ne, domin a 2025 Verstappen ya riga Oscar Piastri samun gurbin farko, wato matsayin gaba a layin tashi, da tazarar 0.010 kacal, a 2022 kuma Sergio Perez ya doke Charles Leclerc da 0.025. Akwai lissafi mai sauƙi da zai mayar maka da lokaci ya zama gudu, kuma ina son kowane mai sha'awar wannan fanni ya iya shi da kansa: ka ninka tsawon hanyar sau 3600, sannan ka raba da jimillar daƙiƙun zagayen. A Jidda, 6.174 sau 3600 zai ba ka 22,226.4. Idan ka raba wannan da 87.294, wato lokacin Verstappen na 2025 da aka mayar daƙiƙu zalla, za ka samu kusan kilomita 254.6 a sa'a guda, kuma wannan matsakaicin gudu ne na zagayen baki ɗaya, har da wuraren da ake taka birki. Ka yi irin wannan lissafi ga hanyar Monako, wadda ita ma cikin gari take, za ka ga matsakaicin bai wuce kilomita 170 da 'yan kai ba, a nan ne za ka gane girman abin da ake yi a Kurnish.

Yanzu sai asalin musun. A kowace hanyar tsere akwai lokuta biyu da ake kira mafi sauri, kuma wajibi ne ka raba su. Na farko shi ne wanda aka kafa a gwajin neman gurbi, wato zaman da ake yi kwana guda kafin tsere domin a tantance inda kowa zai tsaya a layin tashi. Na biyu shi ne wanda aka kafa a cikin tseren kansa, kuma shi ne wanda ake rubutawa a matsayin tarihin zagaye na hukuma. A Jidda, lokaci mafi sauri na gwajin neman gurbi shi ne 1:27.294 na Verstappen a motar Red Bull a 2025, lokaci mafi sauri na cikin tsere kuma shi ne 1:30.734 na Hamilton a motar Mercedes a 2021. Dalilin tazarar da ta haura daƙiƙa uku a tsakaninsu a bayyane yake ga wanda ya san yadda ake shirya mota. A gwajin neman gurbi ana zuba mai kaɗan ne wanda zai isa zagaye biyu ko uku, a sa sabuwar taya mafi laushi, a cika batir, a kuma saki duk ƙarfin injin a zagaye guda. A tsere kuwa, a shekarun 2021 zuwa 2025, mota tana tashi da mai da zai iya kaiwa kilo 110, tun da an hana ƙara mai a tsakiyar tsere daga 2010, kuma dole direba ya lallaɓa tayarsa ta kai shi zagaye masu yawa. Bambancin kamar na ɗan dako ne da ya ɗauko buhu a ka da kuma wanda ke tafiya hannu rabbana. Saboda haka ne za ka lura cewa zagaye mafi sauri na cikin tsere kusan kullum a ƙarshe-ƙarshe yake zuwa, bayan mai ya ragu. Na Hamilton a zagaye na 47 cikin 50 ya zo.

Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce me ya sa lokacin Hamilton ya tsaya har tsere huɗu ba a karya shi ba, alhali an karya lokacinsa na gwajin neman gurbi, wato 1:27.511, tun a 2024. Wanda ya fi kusantar sa a cikin tsere shi ne Leclerc da 1:31.632 a 2024, kuma ko shi da sauran kusan daƙiƙa guda. Domin ka amsa wannan, sai ka duba abin da ya canza a mota da abin da ya canza a hanya. A 2022 an sauya dokokin ƙera motoci gaba ɗaya, aka koma ga motocin da ke samun riƙon ƙasa ta hanyar iskar da ke bi ta ƙarƙashinsu, aka ƙara girman ƙarfen taya daga inci 13 zuwa 18, mafi ƙarancin nauyin mota kuma ya tashi daga kilo 752 zuwa 798. Shi ya sa lokacin gurbin farko ya koma baya zuwa 1:28.200 a 2022. Sannan kafin tseren 2023 an gyara hanyar kanta bayan koken direbobi: an ja bango baya a wasu wurare domin a riƙa hangen gaba, an kuma matse kwana ta 22 da ta 23 domin a rage gudun da ake shiga da shi. Tsawon da ke rubuce bai canza ba, yana nan 6.174, amma hanyar da Hamilton ya bi a 2021 ba ita ce daidai wadda aka bi daga 2023 ba. Duk wanda ya kwatanta lokutan nan ba tare da ya ambaci wannan ba, ya tauye wa direbobin baya-bayan nan haƙƙinsu, kuma a ganina 1:27.294 da Verstappen ya yi da mota mai nauyi a hanyar da aka rage wa gudu ya fi ƙarfin tazarar 0.217 da ke rubuce tsakaninsa da lokacin Hamilton.

Akwai kuma dalili na uku, wanda ba a mota yake ba. Daga 2019 zuwa 2024 ana ba da maki guda ga wanda ya yi zagaye mafi sauri idan ya ƙare cikin goman farko. Hamilton ya zo Jidda a 2021 Verstappen yana gabansa da maki 8, ana saura tsere biyu a kammala gasa. Nasara ta ba shi maki 25, Verstappen da ya zo na biyu ya samu 18, wannan maki guda na zagaye mafi sauri shi ne ya cike giɓin, suka tafi Abu Dhabi kowa da maki 369.5. Hamilton ya yi wannan zagaye ne da fiffiken gaban motarsa da ya lalace. A 2025 an soke wannan maki, don haka babu wanda ke da dalilin azabtar da tayarsa a ƙarshen tsere saboda shi.

Mataki na gaba shi ne ka buɗe littafi ko shafi a wayarka, ka ware wa kowace shekara layi guda, ka rubuta ranar tsere, wanda ya samu gurbin farko da lokacinsa, ukun farko, mai zagaye mafi sauri, sannan ka bar fili mai faɗi na abin da ya faru. Wannan fili na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma tseren 5 ga Disamba 2021 zai cinye maka shi fiye da kowane. A daren gwajin neman gurbi Verstappen yana kan zagayen da ya fi na Hamilton sauri a kashi biyu na farko na hanyar, duk wanda ke kallon allo yana ganin lokacinsa na tafiya gaba, sai ya zo kwana ta 27, tayar gaba ta kulle, ya matsa totur da wuri wajen fita, tayar baya ta daki bango, motar ta tsaya. Wannan zagaye bai shiga littafi ba, domin zagayen da ba a ƙarasa ba babu lokacinsa. A ranar tsere Mick Schumacher ya yi haɗari a kwana ta 22, aka ɗaga jar tuta aka tsayar da tsere, wanda hakan ya ba Verstappen damar canza taya ba tare da ya yi asarar lokaci ba. Da aka sake tashi sai wani haɗarin ya rutsa da Perez da George Russell da Nikita Mazepin, aka sake tsayarwa. A zagaye na 37 an umurci Verstappen ya mayar wa Hamilton matsayin da ya riƙe ta hanyar fita daga titi, ya rage gudu kafin kwana ta 27, Hamilton ya daki bayansa. Hamilton ya ci tseren, Verstappen na biyu, Valtteri Bottas kuma ya ƙwace matsayi na uku daga hannun Esteban Ocon a kan layin ƙarshe da tazarar kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

A nan akwai darasin karanta takardar sakamako. Za ka ga tazarar Hamilton da Verstappen a 2021 ta haura daƙiƙa 21, amma 15 daga ciki hukunci ne da alƙalan tsere suka ƙara wa Verstappen, 5 a lokacin tsere, 10 kuma bayan an tashi. A 2025 abin ya zo a juye: Piastri na McLaren ya ci tseren ranar 20 ga Afrilu da tazarar daƙiƙa 2.843 a kan Verstappen, kuma takardar ba za ta nuna maka cewa Verstappen ya yi zaman hukuncin daƙiƙa 5 a gareji ba, saboda ya yanke kwana ta 2 a zagayen farko bai kuma mayar da matsayin ba. Wanda ya karanta lambar kawai zai ɗauka an yi wa Verstappen nisa a 2021 kuma an yi kankankan a 2025 ba tare da wani dalili ba. Haka nan kada ka rubuta sakamako a littafinka da zarar an kaɗa tutar ƙarshe. A 2023 Fernando Alonso ya zo na uku, ya hau dandamali ya karɓi kofi, sai aka sanar da hukuncin daƙiƙa 10 da ya mayar da shi na huɗu a bayan Russell, bayan 'yan sa'o'i kuma ƙungiyarsa ta Aston Martin ta kawo hujja aka janye hukuncin, ya koma na uku, wanda shi ne karo na 100 da ya ƙare cikin ukun farko. Ka jira sakamakon ƙarshe da FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ke fitarwa.

Tseren 27 ga Maris 2022 shi ne wanda zan ba mai koyo shawarar ya nemi hotonsa ya kalla a natse. A wancan zamani akwai wani ɓangare na fiffiken baya da ake kira DRS, wanda direba ke buɗewa ya samu ƙarin gudu idan yana bayan wata mota da ƙasa da daƙiƙa guda a daidai wani layi da aka shata a titi. Ɗaya daga cikin layukan nan yana dab da kwana ta 27, don haka wanda ya riga tsallaka layin shi ne zai sha wuya a miƙaƙƙen titin da ke biye. Leclerc da Verstappen sun gane haka, har ta kai su biyun suna taka birki da ƙarfi a lokaci guda, hayaƙi na tashi daga tayoyinsu, kowa yana son ɗan'uwansa ya riga shi. Verstappen ya yi nasara da tazarar 0.549, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a tarihin hanyar. Perez, wanda ya samu gurbin farko karo na farko a rayuwarsa a tserensa na 215, ya ƙare na huɗu domin ya shiga canza taya dab da fitowar motar kariya, wato motar da ke shiga gaban masu tsere ta rage musu gudu idan an yi haɗari. A filin bayanin wannan shekara ka rubuta har da harin da 'yan Huthi suka kai wa ma'ajiyar man Aramco ranar Juma'a 25 ga wata ana cikin atisaye, wanda mazauna Jidda suka ga hayaƙinsa da idonsu, da kuma doguwar ganawar da direbobi suka yi cikin dare kafin a amince a ci gaba.

Perez ya rama a ranar 19 ga Maris 2023, inda ya tashi daga gurbin farko ya ci tseren, Verstappen kuma ya taso daga na 15 ya ƙare na biyu bayan motarsa ta lalace a gwajin neman gurbi. A 2024 Verstappen ne ya ci, Perez na biyu, Leclerc na uku, kuma a nan ne Oliver Bearman, yaro ɗan shekara 18, ya karɓi motar Ferrari ta Carlos Sainz da aka yi wa tiyata, ya ƙare na bakwai a tserensa na farko. Ka lura da ranar: 9 ga Maris 2024 Asabar ce, ba Lahadi ba kamar yadda aka saba, domin an matso da tseren ne saboda shigowar azumin Ramadan, kuma saboda azumin ne aka kai na 2025 watan Afrilu.

Idan layukanka biyar sun cika, sai ka karanta su daga sama zuwa ƙasa maimakon daga dama zuwa hagu, za ka ga abubuwan da shekara guda ba ta nunawa. Verstappen bai taɓa ƙarewa ƙasa da na biyu ba a Jidda: sau biyu na ɗaya, sau uku na biyu. Red Bull ta ci uku, Mercedes ɗaya, McLaren ɗaya, Ferrari kuwa ba ta ci ko ɗaya ba duk da cewa Leclerc ya shiga ukun farko sau uku. Wanda ya tashi daga gurbin farko ya ci tsere sau uku cikin biyar. Motar kariya ta fito a dukan tsere biyar ɗin, wanda hakan ke nufin jimillar lokacin tsere ba abin kwatantawa ba ne tsakanin shekara da shekara. Sai dai tsere biyar kaɗan ne, bai kamata a gina hukunci mai ƙarfi a kansu ba kamar yadda ake yi da Monza ta Italiya, wadda ke cikin gasar tun 1950. Wani abu da zai iya ɗaure maka kai shi ne nisan tsere: zagaye 50 sau 6.174 zai ba ka 308.7, amma abin da ke rubuce 308.45 ne, saboda layin tashi da layin ƙarewa ba wuri guda suke ba.

Ka kuma kiyaye kada ka cakuɗa gasa da gasa. Motocin Formula 2, gasar da ke ƙasa da Formula 1, suna bin wannan hanya a mako guda da manyan, amma sun fi su jinkiri da sama da daƙiƙa 10 a zagaye, kuma a cikinsu ne Piastri ya fara cin tsere a Jidda tun 2021. Gasar mata ta F1 Academy ta zo a 2024, inda Reema Juffali, haifaffiyar Jidda, ta shiga a matsayin baƙuwa. Motocin lantarki na Formula E, waɗanda suka yi tsere a Diriyya daga 2018 zuwa 2024, sun dawo Jidda a Fabrairun 2025, amma a kan gajeren fasali mai kilomita 3.001, inda Maximilian Günther da Oliver Rowland suka ci tsere ɗai-ɗai. Kowace daga cikin waɗannan tana buƙatar shafinta dabam.

A ƙarƙashin layin 2025 ka ja dogon layi. Dokokin 2026 sun sauya injin da jikin mota, sun kuma kawar da DRS, don haka duk lokacin da za a kafa daga nan sai a kwatanta shi da na baya tare da irin taka-tsantsan ɗin da muka yi tsakanin 2021 da 2022. Ana kuma gina sabuwar hanya a Ƙiddiyya, kusa da Riyad, wadda aka shirya mayar da gasar Saudiyya can idan an kammala ta. Idan hakan ta faru, adadin nasarorin gasar Saudiyya zai ci gaba da taruwa a lissafi guda, amma lokutan zagaye na Jidda za su tsaya a shafinsu, Ƙiddiyya kuma sai ka buɗe mata sabon shafi daga tserenta na farko.